Jarina ne, Amma Sunan Wani Za a Rubuta a Kamfanin da Za Mu Buɗe a Jidda

Assalamu alaikum Malam. Ina roƙon a sakaya sunana. Ni ɗan kasuwa ne, shekarata 41, ina sayar da kayan gyaran mota, kuma Alhamdulillahi Allah ya rufa mini asiri. Ina da wani yaya, ɗan baffana, wanda a hannunsa na tashi bayan rasuwar mahaifinmu. Shi ya biya mini kuɗin makaranta, shi ya ba ni jarin farko. Yau shekararsa 14 a Jidda yana aiki a ƙarƙashin wani kamfani.

Wata uku da suka wuce ya kira ni ya ce ya samo mana hanya: mu buɗe kamfanin shigo da kayan gyaran mota a can, da shago. Ya ce in muka ce za mu bi ta ma'aikatar zuba jari a matsayin baƙi, abin da za a nema ya fi ƙarfinmu. Don haka akwai wani Balarabe abokinsa, mutumin kirki, da ya yarda a yi rajista da sunansa, mu riƙa ba shi wani abu duk wata. Ni zan kawo jari, Yaya zai tsaya a shago, riba mu raba. Ya ce kowa haka yake yi.

Abin da na tara, in an juya shi riyal, zai kai 200,000. Ƙanwata da mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku ta ce in haɗa da gadon yaran, kimanin riyal 90,000, domin ya riƙa juyawa. Matata ta ƙi sam, har mun kwana biyu ba ma magana sosai. Da na ce wa Yaya ko za mu yi 'yar takarda, sai ya yi shiru, can ya ce, "Yau ni kake nema wa takarda?" Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Ba na son in zama butulu, ba na son damar ta wuce ni, kuma ina jin tsoro. Malam, ina mafita?

Daga wani ɗan kasuwa mai zullumi

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwana. Allah ya jiƙan mahaifinku da mijin ƙanwarka, ya raya marayun nan. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma duk sau biyun wuri ɗaya nake tsayawa, inda Yaya ya yi shiru sannan ya ce yau shi kake nema wa takarda. Na san nauyin irin wannan magana a kunnen wanda aka riƙa. Mutumin da ya ɗauke ka lokacin da ba ka da kowa, ya sa ka a makaranta, ya ɗora ka a kan sana'a, in ya ɓata rai sai ka ji kamar ƙasa ta tsage ka shige. Rashin barcin da kake yi shaida ce cewa kai mai tuna alheri ne, domin butulu ba ya rasa barci a kan irin wannan.

Amma tunda ka tambaye ni, ba zan yi maka kwana-kwana ba. Kada ka tura ko riyal ɗaya a kan wannan tsari yadda aka kawo maka shi. Gadon marayun kuwa ka cire shi daga maganar gaba ɗaya tun yau, ko da gobe an gyara komai ya dawo kan doka. Zan faɗa maka dalilaina dalla-dalla, domin ina so ranar da za ka yi magana da Yaya ka je da hujja a hannu, kada tsoro kaɗai ka ɗauka.

Abin da aka kwatanta maka yana da suna a Saudiyya. Tasattur suke ce masa, wato baƙo ya fake da sunan ɗan ƙasa ya yi kasuwancin da ba a ba shi izini ba, kuma babban laifi ne a dokarsu. A shekarar 2020 suka fito da sabuwar doka a kansa, ta fara aiki a farkon 2021, hukuncinta ya kai ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5. Bayan wannan ana ƙwace dukiyar da aka samu ta hanyar, a rufe kamfanin, a soke rajistarsa, baƙon kuma in ya gama hukuncinsa a fitar da shi daga ƙasar, a hana shi dawowa aiki. Ma'aikatar Kasuwanci takan buga sunayen waɗanda kotu ta samu da laifin, kowa ya gani. Gwamnati ta taɓa ba masu irin wannan kasuwanci wa'adi su zo su gyara matsayinsu ba tare da hukunci ba, wa'adin ya ƙare a Fabrairun 2022. Sannan dokar ta ware tukuici ga wanda ya kai rahoto, har zuwa kashi 30 cikin 100 na tarar da aka karɓa. Ka ɗan tsaya a kan wannan na ƙarshe. Duk yaron shagon da aka yi wa faɗa da safe, duk maƙwabcin da kuka janye wa masu saye, yana da dalilin ɗaga waya.

Da Yaya ya ce kowa haka yake yi, bai yi ƙarya ba game da abin da idonsa ya gani. An shekara da shekaru ana yi, kuma yawan yin ne ya sa aka tsananta. Sai dai Jiddar da ya sauka shekara 14 da suka wuce ta sauya. Yanzu an wajabta wa shaguna karɓar kuɗi ta na'ura, kuma tun Disambar 2021 ta kwamfuta ake fitar da takardar ciniki, a tsarin da hukumar zakka da haraji da kwastan ke sa wa ido. Kuɗin da a da yake yawo a aljihu ba wanda ya san hanyarsa, yau sawu yake bari duk inda ya bi.

To mu ajiye maganar kamu ma a gefe, mu ce Allah ya rufa asiri ba wanda ya kai ƙara. Ka shiga shagon nan da idon zuciyarka ka duba. A bango ga takardar rajista, wadda suke kira sijil, an sa ta a firam, sunan Balarabe ne a jiki. Takardar hayar shago, sunansa. Na'urar da ke kan kanta, duk katin da aka goga asusun kamfani kuɗin ke faɗawa, shi ne mai sa hannu a asusun, lambar sirrin da banki ke turowa kafin a fitar da kuɗi kuma wayarsa take shiga. Kwantenar da ka biya da guminka na shekaru, takardun kwastan za su ce tasa ce. Ka bi shagon daga bakin ƙofa har cikin sito kana neman sunanka, ba za ka same shi ba ko a jikin kwali.

Ban ce Balaraben mutumin banza ne ba. Ban san shi ba, kuma na yarda zai iya kasancewa duk yadda Yaya ya siffanta shi. Amma mutumin kirki ma yana mutuwa, yana cin bashi, kotu tana iya rufe asusunsa saboda wata rigimar da ba ta shafe ku ba, ta haɗa da kuɗinku. Na taɓa zama da wani dattijo da ya yi fiye da shekara goma yana irin wannan kasuwanci a can. Mai sunan bai taɓa cutar sa da ko sisi ba har Allah ya karɓi ransa. Bayan an share makoki sai 'ya'yan mamacin suka zo da sabon kwaɗo. Dattijon ya ce mini abin da ya fi ƙona masa rai shi ne da ladabi suka yi masa magana, suna yi masa godiya a kan riƙon amanar da ya yi wa babansu, domin a saninsu shagon na babansu ne, shi kuma ma'aikaci. Ya dawo da jaka ɗaya da wani littafin lissafi mai baƙin bango, wanda yake rubuta ciniki a ciki da hannunsa. Yana buɗe mini shi shafi bayan shafi, yana nuna mini watannin da aka yi ciniki mai kyau, yatsansa yana rawa. Babu kotun da zai kai wa littafin nan, domin in ya kai, kansa ya kai ƙara.

Wannan ya kawo mu kan takardar da ta jawo ɓacin rai tsakaninka da Yaya. Tunaninka na neman rubutu daidai ne, kuma kada ka ji kunyarsa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma muminai aka yi wa umarnin, mutanen da suka fi mu riƙon amana. Amma a wannan tsarin, ko da Yaya ya yarda kun rubuta, kun sa hannu ku uku, takardar ba za ta cece ka ba. Dokar ta ce duk yarjejeniyar da manufarta ɓoye mai kasuwanci na gaskiya ce, ɓatacciya ce. Ranar da ka fito da ita don ka karɓi haƙƙinka, ranar ka miƙa wa mai gabatar da ƙara shaidar da yake nema. Kun ɓata wa juna rai a kan takardar da ko an rubuta ba ta da amfani. Ina ganin wannan zai ɗan sauƙaƙa maka, domin yanzu za ka iya ce wa Yaya da gaskiyarka cewa amanarsa ba ta taɓa shiga cikin abin da kake tsoro ba. Tsarin ne ba ya da inda za a dafa.

Ka kuma lura da siffar abin ta fuskar shari'a. Kai ka kawo dukiya, Yaya ya kawo aiki, riba a raba: ƙiradi ke nan, kuma a ƙiradi in aka yi asara ba tare da sakacin mai aiki ba, a kan mai dukiya take faɗawa. Ke nan in abin ya rushe, kuɗin da zai tafi naka ne kai kaɗai. Manyan malaman Saudiyya kuma sun daɗe da fatawar cewa tasattur bai halatta ba, saboda ƙaryar da ke cikinsa, da saɓa wa hukuma, da kuɗin da mai suna ke karɓa ba tare da ya zuba jari ko ya yi aiki ba.

Yanzu bari mu dubi Yaya, don shi ne ya fi ba ni tausayi a labarin nan. Mutum ya yi shekara 14 a ƙasar wani yana yi wa wani aiki, takardar zamansa a hannun kamfani, girma yana zuwa, ya duba bai ga abin da zai ce nasa ne ba. Yana ganin waɗanda suka zo bayansa suna da shago, ko da da sunan wani. Ya tuna yana da ƙane da ya tashi a hannunsa wanda Allah ya buɗa wa. A zuciyarsa alheri ya kawo maka, shi ya sa maganar takarda ta soke shi. Amma ka yi tunani, in masu bincike suka shigo shagon nan, wa za su tarar a bayan kanta? Kai kana gida. Shi za a kama, shi zai tsaya gaban alƙali, shi za a fitar da shi daga ƙasar da ya yi shekara 14 a cikinta, ya rasa aikinsa da haƙƙoƙin da ya tara. Idan ka tura kuɗin don gudun ɓacin ransa na wata ɗaya ko biyu, da hannunka ka taimaka aka kai shi bakin rami. Wanda ya yi maka abin da Yaya ya yi maka ya cancanci ka tare masa wannan, ko da zai yi fushi da kai. Sannan ka bincika cikin hikima ko ya riga ya yi wa Balaraben alkawari, ko ya kama hayar shago, ko ya ci bashi a kan sa ran kuɗinka. Sau da yawa zafin da mutum ke nunawa a irin wannan gaɓa kunyar janye maganar da ya riga ya furta ce. In haka ne, gara ka taimaka masa ya biya 'yar asarar da aka yi yanzu, ya fita da mutuncinsa.

Matarka kuwa ka je ka ba ta haƙuri. Ban san yadda ta faɗi maganarta ba, wataƙila da zafi, amma abin da ta hango gaskiya ne, kuma ita da 'ya'yanka ne za su kwana da yunwa in jarin ya nutse. Ka gaya mata ka bincika ka ga tana da hujja. Hakan ba zai rage maka komai ba.

Maganar ƙanwarka ta fi buƙatar tausasawa. Ta miƙo maka gadon 'ya'yanta ne don ta yarda da kai, kuma tana tsoron kuɗin ya zauna yana narkewa, tsoron da yake da tushe. Amma dukiyar maraya ba a gwajin sabon kasuwanci da ita, balle a wata ƙasa da ba ka taɓa ciniki a cikinta ba. Sabon kamfani, ko na halal ne tsantsa, yana iya cinye jarinsa a shekarar farko. In naka ya tafi za ka yi kuka ka tashi, domin kana da sana'a. In nasu ya tafi, yaran nan za su girma su tambaya, kuma ba ka da amsar da za ta gamsar da su ko ta gamsar da kai. Ka zauna da ita, da wani babba a dangin mahaifinsu, ku nemi inda za a sa kuɗin wanda ido ke gani, haɗarinsa kaɗan ne, da sunan yaran a rubuce, ana iya duba lissafinsa duk lokacin da aka so. Kada ya gauraya da kuɗin shagonka ko da na kwana ɗaya.

To damar fa? Ka ce ba ka son ta wuce ka, ni ma ba na son ka fita daga wannan magana da jin cewa an rufe maka ƙofa. Yaya ya faɗi gaskiya da ya ce hanyar hukuma tana da tsada ga irin kasuwancinku. Baƙon da ke son kafa kamfani a Saudiyya ta Ma'aikatar Zuba Jari yake bi, wadda aka ɗaga daga hukuma zuwa ma'aikata a 2020. A ƙa'idojin da suka yi shekaru suna aiki da su, kamfanin saye da sayarwa da baƙo zai mallaka shi kaɗai ana neman jarin riyal miliyan 30, wato dala miliyan 8, tunda riyal 3.75 ne dala ɗaya. Ko da ɗan ƙasa aka haɗa hannu, jarin da ake nema ya haura miliyan 26. A fili yake cewa manyan kamfanoni suke kira a wannan fanni. Akwai kuma izinin zama na musamman da suka ɓullo da shi a 2019, wanda ke ba baƙo damar zama ba tare da kafili ba, wato ɗan ƙasa ko kamfanin da ke tsaya masa, a kan riyal 800,000 na dindindin ko 100,000 duk shekara. Na dindindin ya fi ƙarfin jarinka, na shekara kuma rabin jarinka zai ci a shekara ɗaya. A Fabrairun 2025 sabuwar dokar zuba jari ta fara aiki, ta maye gurbin ta shekarar 2000, ta mai da neman lasisi ya koma rajista, don haka sharuɗɗan yau daga ma'aikatar kanta za ka karɓe su, a rubuce. Ka tambaya musamman game da fannonin hidima, domin da yawansu ba a ɗora musu jari mai nauyin na saye da sayarwa ba.

Kuma ko ka sami shiga, akwai lissafin da ban ji an yi maka ba. Kason baƙo a ribar kamfani yana biyan harajin kashi 20, na ɗan ƙasa kuma zakka ake karɓa. Harajin da ake ɗorawa a kan kaya kashi 15 ne tun Yulin 2020. Akwai tsarin Niɗaƙat da ke wajabta ɗaukar 'yan ƙasa aiki gwargwadon girman kamfani, shagunan kayan gyaran mota kuma tun farkon 2019 suna cikin waɗanda aka ware wa 'yan ƙasa mafi yawan guraben aikinsu. Kayan da za a shigo da su sai sun sami shaidar inganci ta tsarin Saber. Ka tambayi Yaya ko ribar da ya lissafa maka ta haɗa da waɗannan. Ina kyautata zaton ba ta haɗa ba, domin ribar tasattur galibi daga tsallake su take fitowa.

Hanyar da na fi so gare ka ta fi wannan jinkiri, amma kowane mataki nata da sunanka ake taka shi. Ka fara daga inda kake. In kasuwancinka na yanzu bai zama kamfani mai rajista ba, ka mai da shi, ka buɗe masa asusun banki daban da naka, ka ɗauki akanta ya riƙa tantance lissafinsa duk shekara. Wannan shi ne abin da Saudiyya ta saba nema daga mai zuba jari na waje, rajistar kamfaninsa da rahoton kuɗinsa na shekarar da ta gabata, kuma kusan duk ƙasar da za ka nufa irin wannan za ta tambaya, bankunanta ma haka. Ɗan kasuwar da duk lissafinsa a kansa yake, komai yawan kuɗinsa, ba ya da abin nunawa a gaban waɗannan ofisoshi.

Da wannan kamfani za ka iya sayar wa Saudiyya kaya ba tare da ka buɗe komai a can ba. Ka sami ɗan kasuwa ɗan ƙasa mai shagonsa da jarinsa na gaske, ku ƙulla yarjejeniyar saye, ya biya ta banki, in kayan da yawa ya buɗe maka takardar lamunin banki wadda ke tabbatar da biya da zarar an loda kaya. A nan ma za ka gane matsayin abokin Yaya. A ce masa, tunda yana sha'awar harkar, ya zuba nasa kuɗin, ya zama mai shagon na haƙiƙa, ya riƙa sayen kaya a wurinka, in yana so ya ɗauki Yaya aiki bisa ƙa'ida da albashi da kwantiragi, tunda tun Maris ɗin 2021 an sassauta wa ma'aikata baƙi sauya wurin aiki. In ya yarda, kun sami abokin ciniki. In ya ce shi dai sunansa kawai zai bayar, ka ga abin da ke kan tebur tun farko. Sai dai in gargaɗe ka: kada ku mai da wannan sabon mayafi, a ce a takarda shi ne mai saye alhali kuɗinka ne ke juya shagon. Wannan tasattur ne ya sake riga.

In kuwa zuciyarka ta kafe sai ka mallaki kamfani a waje, ka dubi Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Tun Yunin 2021 suka janye sharaɗin cewa sai ɗan ƙasa ya riƙe kashi 51 a mafi yawan sana'o'i, yankunan ciniki na musamman irin na Jabal Ali da ke Dubai kuma tun 1985 ake harka a cikinsu, inda baƙo ke mallakar kamfaninsa gaba ɗaya. Harajin ribar kamfani kashi 9 ne a kan abin da ya haura dirhami 375,000, tun Yunin 2023, na kaya kuma kashi 5. Dubai da Sharja tsoffin cibiyoyin kayan gyaran mota ne, inda ake sarowa a sake turawa ƙasashe. Kamfani a can zai iya rage maka tsadar sari zuwa kasuwar da ka riga ka sani kamar tafin hannunka, daga baya ka leƙa Saudiyya da ƙafar dama. Amma can ma ba aljanna ba ce. Lasisi duk shekara ake sabunta shi da kuɗi ko an yi ciniki ko ba a yi ba, buɗe asusun banki yakan fi samun lasisin wahala, kamfanin yankin musamman kuma yana da iyaka wajen sayarwa a cikin gari. Masu dillancin buɗe kamfani suna da yawa, bakinsu da zaƙi, kuɗin shekarar farko kawai suke faɗa. Ka sa su rubuta maka na shekara ta biyu da ta uku.

Ko wacce ka zaɓa, kafin ka motsa ka biya lauya mai lasisi a ƙasar, wanda kai ka nemo shi, kai kake biyansa, ya ba ka ra'ayinsa a rubuce. Kuɗin da za ka kashe a nan kaɗan ne a kan riyal 200,000. Ka je da ƙafarka ka ga kasuwar da bizar da ta dace da ziyarar ciniki, ka yi mako biyu kana shiga shaguna kana tambayar farashi, domin ba a zuba jari a kasuwar da aka ji labarinta ta waya. Kuɗi kuma ta banki za su fita, daga asusun kamfaninka zuwa asusu mai sunan kamfanin da kake hulɗa da shi, bisa dokar fitar da kuɗi ta ƙasarka, kada ka ba kowa a hannu ya kai maka. Kuma kada ka zuba duka. Ka ware abin da in ya tafi shagonka ba zai girgiza ba.

Saura kiran Yaya. Kada ka yi shi ta saƙon waya, kada kuma ka fara da doka. Ka fara da abin da yake a zuciyarka, wanda gaskiya ne: "Yaya, duk abin da na zama, bayan Allah kai ne. Ban taɓa shakkar amanarka ba. Na je na bincika ne, na tarar in abin nan ya fashe kai za a ɗaure, ni ina gida. Ba zan iya sa kuɗina a abin da zai kai ka kurkuku ba. Amma ina son mu yi kasuwanci tare, ga hanyoyin da na gano, mu duba wadda za mu iya." Sai ka yi shiru ka bar shi ya yi magana, ko da faɗa ne. Zai iya ɗaukar makonni kafin ya huce. Ka ci gaba da gaishe shi kamar kullum, ka ci gaba da yi wa iyalinsa abin da ka saba, kada ya ga wani abu ya ragu. In akwai dattijon da yake jin nauyinsa a dangi, ka sanar da shi tun kafin maganar ta isa gare shi a karkace. In kuma ka fahimci ainihin damuwar Yaya ita ce abin da zai dawo ya tarar bayan ya bar aiki, ka ba shi kaso a kamfanin da za ka yi wa rajista, da sunansa a rubuce kusa da naka, ko da kyauta ne. Shi ya ba ka jarin farko, wannan kuma rubutu ne da ba zai ji ciwonsa ba.

Yau da dare ka fara da matarka, gobe ƙanwarka, Yaya kuma ka bari sai ranar hutunsa, lokacin da ba ya cikin gajiyar aiki. Ka rubuto mini abin da ya ce, ina jira. Allah ya yi maka jagora, ya bar zumuncinku.